Makarantar da Ɗalibanta Suka Ragu: A Haɗe Ta da Wata, ko a Bar Ta?

Ga wanda ya saba ganin yara ɗari a aji ɗaya, wasu bisa benci wasu a ƙasa, zancen makarantar da ta rasa ɗalibai zai zo masa banbaraƙwai. Amma a ƙasashe da dama wannan ce matsalar da ke ci wa hukumomin ilimi tuwo a ƙwarya. Haihuwa ta ragu, matasa sun bar ƙauyuka sun tafi birane, masu hali sun tashi daga tsakiyar birni sun koma gefen gari, sai ginin da aka yi domin yara ɗari shida ya koma riƙe da ɗari biyu. Idan abu ya kai haka, hukuma takan kafa kwamiti ya bi makarantun ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga kujeru, ya ƙirga yara, sannan ya kawo shawarar wadda za a rufe da wadda za ta karɓi yaranta. Daga nan rigima ke tashi. Masu cewa a haɗe suna da hujja, masu cewa a bari su ma suna da tasu, kuma kowane ɓangare da sunan yaro yake magana.

Abin da ya faru a Shikago

Babu inda muhawarar ta yi zafi kamar birnin Shikago na Amurka a 2013. Ƙidayar jama'a ta 2010 ta nuna birnin ya rasa mutum kusan 200,000 cikin shekara goma, mafi yawansu baƙaƙen fata mazauna kudanci da yammacin birnin. Hukumar makarantun birnin ta ce tana da gurbin ɗalibai 511,000 alhali masu rajista 403,000 ne, ga kuma giɓin dala biliyan ɗaya a kasafin kuɗinta. Aka fara da jerin makarantu 330 da aka ce ba su cika ba, aka tace su zuwa 129, aka sake tacewa zuwa 54. A watan Mayu na shekarar, zamanin magajin gari Rahm Emanuel, hukumar ta kaɗa ƙuri'ar rufe 50. Yara wajen 12,000 aka sauya wa makaranta, kimanin kashi 88 cikin ɗari baƙaƙen fata. Ba a taɓa rufe makarantu masu yawa haka a tashi ɗaya ba a tarihin Amurka. Ƙungiyar malaman birnin, ƙarƙashin Karen Lewis, ta yi ta zanga-zanga, dubban iyaye suka cika ɗakunan taro, amma hukunci ya tabbata.

Yanzu an haura shekara goma, masu bincike sun bi sawun yaran, don haka Shikago ta zama ma'aunin da za a iya gwada maganar kowane ɓangare da shi.

Hujjar masu cewa a haɗe

Hujjarsu ta farko ta kuɗi ce. Gini ba ya ƙanƙancewa don yaran cikinsa sun ragu. Rufin da ke yoyo sai an gyara shi, ko aji uku ake shiga ko talatin. A gari mai tsananin sanyi irin Shikago sai an ɗumama ginin har hunturu ya wuce. Maigadi, mai shara, magatakarda da shugaban makaranta duk sai an biya su. Idan aka raba wannan ɗawainiya a kan yara ɗari biyu maimakon ɗari shida, abin da ake kashewa kan kowane yaro ta fuskar gini ya ninka uku, shi kuwa bai ƙaru da ko harafi ɗaya ba. Kuɗin nan daga asusu ɗaya yake fita da na makarantar da ke cunkushe a wata unguwa, inda ake neman ƙarin malami ba a samu ba. Shi ya sa suke cewa barin makarantar da ta yi fayau a buɗe yana da wanda yake cuta, sai dai wannan yaron ba a ganinsa a wurin zanga-zanga, domin bai ma san an cuce shi ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ta shafi karatun kansa. Makarantar da ke da yara ƙalilan ba za ta iya riƙe malamin kimiyya daban, na lissafi daban, ga mai kula da ɗakin karatu, ga ma'aikaciyar jinya ba. Sai a haɗa 'yan aji uku da 'yan aji huɗu gaban malami ɗaya, ko a sa wanda ya karanci tarihi ya koyar da lissafi. Japan ce ta fi kowa sanin wannan hali. A 1973 an haifi jarirai sama da miliyan biyu a ƙasar, a 2022 kuwa ba a kai 800,000 ba. Tsakanin 2002 da 2020 an rufe makarantun gwamnati 8,580, wato wajen 450 kowace shekara. A 2023 wata ƙaramar sakandare mai suna Yumoto, a ƙauyen Ten-ei da ke yankin Fukushima, ta yaye ɗalibanta biyu na ƙarshe, aka rufe ta. Masu goyon bayan haɗewa suna tambaya: da wa yaro zai yi gasar karatu a ajin mutum biyu? Da wa zai yi musu, ya ji ra'ayin da ya saɓa wa nasa? Ina za a samu 'yan wasan ƙwallo? Idan suka ɓata da abokin karatunsa guda, wurin wa zai koma? A 2015 ma'aikatar ilimin Japan ta fitar da jagora da ke cewa firamaren da ajujuwanta ba su wuce shida ba, da ƙaramar sakandaren da ba ta wuce aji uku ba, ya kamata a duba yiwuwar haɗe su da wasu ba tare da ɓata lokaci ba.

Hujja ta uku ita ce jinkiri ba ya ceton makaranta. Da zarar iyaye sun ga ajujuwa na raguwa, masu hali da masu wayewa su ne kan gaba wajen cire 'ya'yansu. Malamai nagari su nemi canjin wurin aiki. A ƙarshe 'ya'yan marasa ƙarfi ne ake bari, cikin makarantar da kowa ya san ta mutu amma babu ɗan siyasar da ke son a ce shi ya rufe ta. A wurin masu wannan ra'ayi, gara a yanke hukunci tun ana da sauran kuɗin shirya wa yaran wuri mai kyau.

Suna ƙara da cewa rufe makaranta ba dole ya zama mutuwar ginin ba. A Japan mafi yawan gine-ginen da aka rufe an mayar da su wuraren kula da tsofaffi, filayen wasanni, masauki, har da ƙananan masana'antu. A garin Muroto da ke yankin Kochi, a 2018, an mayar da wata tsohuwar firamare gidan nunin kifaye da kunkurun teku, masu yawon buɗe ido suka riƙa tururuwa.

Hujjar masu cewa a bari

Waɗannan suna fara da tambayar kuɗin da aka ce za a tsimi: ina yake? Mafi yawan kasafin makaranta albashin malamai ne, malami kuwa yana bin yara duk inda aka kai su. Wani nazari da cibiyar Pew ta yi a 2011 kan birane shida na Amurka, ciki har da Shikago da Detroit da Washington, ya gano cewa abin da ake tsimi a kan kowace makarantar da aka rufe bai kai dala miliyan ɗaya ba, wanda ɗan kaɗan ne a kasafin da ake lissafa shi da ɗaruruwan miliyoyi ko biliyoyi. Sannan sai an cire kuɗin kwashe kaya, da na motocin ɗaukar yara, da na gyaran makarantar da za ta karɓe su. Ginin da aka bari kuma ba ya sayuwa da sauƙi, domin a unguwar da mutane ke gudu ba a rububin sayen makaranta. A Shikago da yawa daga cikin gine-ginen sun shekara goma a garƙame, tagogi a toshe da katako, a tsakiyar unguwannin da dama can suke fama.

Hujja ta biyu ita ce abin da ya sami karatun yaran. Cibiyar binciken makarantu ta Jami'ar Shikago ta bi sawunsu. Ta gano cewa kashi 93 cikin ɗari sun koma makarantun da suka ɗara nasu a mizanin hukuma, amma kashi 21 kaɗai suka samu shiga makarantun sahun gaba. Tun a 2009 cibiyar ta nuna cewa yaron da ke ƙaruwa sosai da irin wannan sauyi shi ne wanda aka kai makaranta mai inganci ƙwarai, wanda aka kai wadda ta ɗan fi tasa kuwa babu wani ci gaban kirki da yake samu. Rahotonta na 2018 ya ƙara da cewa sakamakon jarrabawar yaran ya fara faɗuwa tun shekarar da aka sanar da shirin, kafin a rufe ko ƙofa ɗaya, kuma a lissafi raunin ya bi su har shekara huɗu. Malaman makarantun da suka karɓi yaran sun koka cewa ba a ba su isasshen lokacin shiri ba, kayan koyarwa sun salwanta wajen kwasa, aka kuma jima ana kallon juna a matsayin 'yan gida da baƙi.

Hujja ta uku ita ce hanya. A taswirar ofis, tazarar kilomita ɗaya ba komai ba ce. A kudancin Shikago kuwa wannan kilomita na iya ratsa iyakar gungun 'yan daba biyu masu gaba da juna, har sai da hukuma ta faɗaɗa shirin tsayar da manya a bakin tituna suna sa ido kan yara safe da yamma. A ƙasar Sin darasin ya fi girma. Daga 2001 aka shiga haɗe makarantun karkara, firamaren ƙauyuka suka ragu daga wajen 440,000 a 2000 zuwa wajen 210,000 a 2010, raguwar da ta zarce ta yaran kansu. Tafiya ta yi nisa, kuɗin mota da na abinci suka hau kan iyaye, ƙananan yara suka koma makarantun kwana nesa da gida. A 2012 gwamnatin tsakiya da kanta ta ba da umarnin a daina haɗe makarantu barkatai. A jihar Rajastan ta Indiya an haɗe makarantu wajen 17,000 a 2014, daga baya ƙorafin jama'a ya sa aka sake buɗe wasu, a ƙasar da ƙa'idojin dokar iliminta ta 2009 suka ce a samar wa yaro firamare a cikin kilomita ɗaya daga gidansu.

Hujja ta huɗu ita ce makaranta ba wurin karatu kaɗai ba ce. Nan ake taron unguwa, nan ake zaɓe, nan kaka ta yi karatu, uwa ta yi, jika ke yi. Idan aka rufe ta, ma'aurata masu ƙananan yara ba za su zo unguwar ba, waɗanda ke nan kuma su fara haramar tashi. Raguwar jama'a ce ta sa aka rufe makarantar, rufe ta kuma ya ƙara korar jama'a. Wanda yake ganin wannan magana tsabar shauƙi ce, ya dubi unguwar Bronzeville ta Shikago a 2015, inda iyaye da kakanni suka yi kwana 34 suna yajin cin abinci domin a ceci sakandaren Dyett. An sake buɗe ta a 2016. Mutum ba ya hana cikinsa abinci sama da wata guda a kan bulo da siminti.

Hujja ta ƙarshe ita ce mafi ɗaci: wa ya jawo raguwar? Daga 2000 hukumomin Shikago suka rushe dogayen gidajen gwamnati da talakawa ke zaune, irin su rukunin gidajen Robert Taylor, dubban iyalai suka watse. Daga 2004 kuma aka yi ta buɗe sababbin makarantu, da yawansu na ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke aiki da kuɗin gwamnati, a unguwannin da yara ke raguwa. Sai ga hukuma ta dawo tana cewa tsofaffin makarantun ba su cika ba. Ma'aunin da aka yi aiki da shi ma ya ɗauki yara 30 a matsayin cikar aji, iyaye kuwa suka ce bai yi la'akari da ɗakunan yara masu buƙata ta musamman ba, waɗanda dole ajinsu ya zama ƙarami.

Ina gaskiyar take?

Sai an yarda da abu ɗaya tukuna: akwai makarantar da ba ta da makawa sai an haɗe ta. Ƙasar da haihuwa ta ragu da fiye da rabi ba za ta riƙe yawan makarantun da take da su shekara hamsin baya ba, kuma wanda ya ce kada a taɓa ko ɗaya ya bar wa yaran ajin mutum biyu nauyin kewar manya. Masu cewa a haɗe sun yi gaskiya a nan.

Amma abin da Shikago da Sin suka nuna shi ne kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu sai da sharuɗɗa, kuma su ne ake yawan tsallakewa idan giɓin kasafi ne ke tura hukuma. Kuskuren yana farawa tun daga tambayar da ake ɗora wa kwamiti. Ana tambayarsa wane gini ne bai cika ba, alhali tambayar da ta kamata ita ce: ina za a kai yaron, kuma can ɗin ya fi nan da me? Idan akwai gurbi a makaranta mai inganci ƙwarai, hanyar zuwa kuma lafiya lau, haɗewa alheri ce. Idan za a ɗauke shi daga makaranta mai rauni a kai shi wata mai rauni, an raba shi da malamansa da abokansa a banza, an gudu ba a tsira ba.

Sharaɗi na biyu shi ne lokaci. Yaron da zai shiga aji ɗaya bana an haife shi shekara shida da suka wuce, don haka raguwar ɗalibai ba ta zuwa wa hukuma bagatatan. Babu uzurin a wayi gari da jerin makarantu ɗari uku, a jefa iyaye da malamai cikin zulumi na tsawon shekara, alhali an ga zulumin kansa yana rage karatu. Kamata ya yi a riƙa bayyana alƙaluma ga jama'a tun da wuri, a zauna da su kafin a rubuta sunan kowace makaranta, a kuma yi aikin kaɗan-kaɗan yadda makarantar da za ta karɓi yara za ta shirya.

Na uku shi ne sauraro na gaskiya. A Shikago tsofaffin alƙalan da aka ɗauka su saurari ƙorafi sun ƙi amincewa da rufe makarantu sama da goma, amma hukumar, wadda a lokacin magajin gari ke naɗa mambobinta, ta rufe mafi yawansu. Taron da aka riga aka yanke hukuncinsa yana kashe amana, amanar kuma ta fi gini wuyar gyara. Sikotilan ta bi wata hanya. Dokarta ta 2010 ta wajabta wa hukuma ta rubuta amfanin da yara za su samu ta fuskar ilimi, ta tuntuɓi iyaye da malamai har da ɗaliban kansu na aƙalla mako shida, idan kuma makarantar karkara ce sai ta nuna ta duba wasu mafita, ta auna illar rufewar ga al'umma da wahalar tafiya. Wannan doka ba ta hana rufe makaranta ba, ta dai ɗora nauyin kawo hujja a kan mai son rufewa, kuma can ya dace ya zauna.

Na huɗu, tsakanin rufewa da bari akwai hanyoyi. Ana iya haɗa makarantu uku ƙarƙashin shugaba ɗaya, malamin kimiyya ya riƙa zagaya su, kamar yadda manufar ilimin Indiya ta 2020 ta ba da shawara. Ana iya barin ƙananan ajujuwa a ƙauye, manyan yara su tafi gari. Ana iya ba asibitin sha-ka-tafi ko ajin yaƙi da jahilci ɗakunan da ba a amfani da su, a raba ɗawainiyar gini. Jagoran Japan na 2015 ma ya tanadi yadda za a tallafa wa ƙaramar makaranta idan jama'arta suka zaɓi riƙe ta.

A ƙasar Hausa yara ƙaruwa suke yi, amma tambayar ta iso mu ta wata ƙofa. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 gwamnatoci sun rufe makarantun kwana da dama, a yankin Tilaberi na Nijar ma an rufe ɗaruruwan makarantu. Ranar da zaman lafiya ya dawo, mutane za su koma gida da kaɗan-kaɗan, wani jami'i zai dubi rajista ya ga yara talatin a makarantar mai aji shida, ya ce a bar su a cikin gari. Ya kamata ya tuna cewa uban da zai bar ɗansa ya taka kilomita biyar ba lalle ya bar 'yarsa ba, kuma iyali ba sa komawa ƙauyen da babu makaranta da ƙwarin gwiwa.

Matsayina shi ne: duba makarantun da ɗalibansu suka ragu wajibi ne a kan hukuma, domin dukiyar jama'a amana ce. Amma kada a rufe ko ɗaya sai hukuma ta iya tsayawa gaban iyaye ta faɗi makarantar da za a kai 'ya'yansu, ta nuna abin da ta fi tasu da shi, ta bayyana yadda za su je su dawo lafiya, da abin da za a yi da ginin, da inda kuɗin da aka tsimi zai tafi, sannan ta dawo bayan shekara biyu ko uku ta gaya musu ko alkawarin ya cika. Hukumar da ta iya wannan ta cancanci a ba ta haɗin kai ko da hukuncin ya yi ciwo. Wadda ba ta iya ba, ta bar makarantar a buɗe har sai ta iya.